Ko Ka San Kare Kan Yi Gargaɗi Kafin Ya Yi Cizo?

Duk sanda kare ya ciji wani a unguwa, magana ɗaya ake ji a bakin jama'a: "Haka kawai ya far masa, bai tsokane shi ba." Amma masana halayyar dabbobi sun daɗe da lura cewa da wuya lafiyayyen kare ya kai cizo bai fara nuna alama ba. Kunnuwansa, da idanunsa, da bakinsa, da wutsiyarsa, duk sukan faɗi cewa a takure yake, mu ne dai ba mu koyi karanta su ba. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin kare kuwa, jikin ne gaba ɗaya ake tambaya.

Binciken wannan al'amari ba yau aka fara shi ba. Tun a shekarar 1872 masanin nan ɗan Ingila, Charles Darwin, ya bayyana yadda kare kan sauya kama. Idan ya nufi wanda yake ɗauka abokin gaba ne, sai ya yi tafiya a sandare, wutsiya a miƙe, gashin baya a tashe, ido a kafe. Da zarar ya gane ashe ubangidansa ne, nan take jikin zai saki, gashin ya kwanta. A shekarun 1990 kuma, wata mai horar da karnuka 'yar ƙasar Norway, Turid Rugaas, ta tattara alamomi kusan 30 da kare ke yi don ya kwantar da hankalinsa da na wanda ke gabansa. Sai wata likitar dabbobi a Ingila, Kendal Shepherd, ta jera irin waɗannan alamomi kamar matakalar tsani: ƙananan suna ƙasa, cizo yana can ƙoli. Kare kan hau tsanin ne mataki bayan mataki, duk lokacin da aka yi watsi da abin da ya faɗa a baya.

A matakin farko alamomin ƙanana ne, shi ya sa ake raina su. Ko ka san hammar kare ba kullum barci take nufi ba? Idan baƙo ya sunkuyo kansa, ko yaro ya rungume wuyansa, sai ka ga ya yi wata doguwar hamma alhali bai daɗe da tashi daga barci ba, to damuwa ce. Haka nan idan ya zaro harshe ya lashi hancinsa da sauri babu abinci a kusa, ko ya yi ta ƙifta ido, ko ya kau da kai gefe. Wani kan ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya tsaya. Wani kan hau sunsunar ƙasa ko susar jiki babu gaira babu dalili. Wani kuma, bayan an gama taɓa shi, sai ya girgiza jiki kamar wanda ya fito daga ruwa, alhali a bushe yake. Duk roƙo yake yi a ba shi sarari.

Idan ba a saurara ba, sai maganar ta ƙara fitowa fili. Kunnuwa su kwanta baya, jiki ya yi ƙasa, wutsiya ta shige tsakanin cinyoyi. Akwai wani kallo da ya kamata kowa ya sani: kare ya juya kansa gefe amma idonsa na kan abin da yake tsoro, har farin idon ya fito kamar jinjirin wata. Haki ma abin lura ne. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake sanyaya kansa, gumin da yake yi kaɗan ne, a tafin ƙafa. Don haka idan ka ga yana haki a inuwa, gari da sanyi, bai yi gudu ba, ko ya bar sawun danshi a kan siminti, to hankalinsa a tashe yake. Sinadaran tsoro ne suka malala cikin jininsa, zuciya na bugawa da sauri, ƙwayar ido ta buɗe. A irin wannan hali ko nama ka miƙa masa yana iya ƙin karɓa.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne kwanciya rigingine. Kare mai walwala kan kwanta haka jiki a sake, baki a buɗe. Amma idan ya kwanta yana nuna ciki, jiki a ɗaure, baki a rufe, wutsiya a naɗe, cewa yake ya miƙa wuya, a ƙyale shi. Wanda ya kai hannu a lokacin ya ƙara masa tsoro ne.

Babbar yaudara kuwa tana wurin wutsiya. Kowa ya ɗauka kare mai kaɗa wutsiya murna yake yi. Kaɗawar na nuna cewa wani abu ya motsa shi, amma sai an duba yadda yake kaɗawar kafin a san ko mene ne. Ta murna mai faɗi ce, har ƙugu na rausaya. Wutsiyar da ta miƙe sama ƙiƙam tana karkarwa da sauri, wannan ta mai shirin faɗa ce. A shekarar 2007 wasu masana a Italiya, cikinsu har da Giorgio Vallortigara, sun gwada karnuka 30, suka ga cewa idan kare ya ga ubangidansa wutsiyar ta fi karkata zuwa damarsa, idan kuma ya ga wani baƙon kare mai ban tsoro sai ta fi karkata hagu. A 2013 suka ƙara gano cewa karnuka ma suna lura da wannan a junansu: bugun zuciyarsu kan ƙaru idan suka ga ɗan'uwansu na kaɗawa hagu.

Ko ka san cewa fuskar nan da kare ke yi idan an dawo an tarar ya yi ɓarna, wadda ake cewa ya san laifinsa, ita ma ta tsoro ce? A 2009 wata masaniya a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada karnuka 14. An hana su cin wani abinci, masu su suka fita, da suka dawo sai aka riƙa faɗa wa wasunsu cewa karen ya ci alhali bai ci ba. Karnukan da aka yi wa faɗa su ne suka fi sunkuyar da kai da kwantar da kunne, ko sun ci ko ba su ci ba. Fushin ubangida suke karantawa. Kuma hancinsu ma na taya su: wani bincike da aka yi a Belfast a 2022 ya nuna karnuka na iya bambanta warin gumi da numfashin mutumin da ke cikin damuwa da na lokacin da yake cikin natsuwa.

Matakai na ƙarshe na tsanin nan su ne masu haɗari. Kare zai sandare wuri ɗaya, ya rufe baki, ya kafa ido. Wannan shirun ya fi haushi ban tsoro. Daga nan sai gurnani, sai yage leɓe fiƙoƙi su bayyana, sai kai cafka a iska, sannan cizo. Likitocin dabbobi na jan kunnen masu karnuka kada su doki kare don ya yi gurnani. Wanda aka saba duka a kan gurnani yakan koyi yin shiru, ran da ya kai bango kuma sai ya tsallake gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Haka ma karen da aka ɗaure da gajeruwar sarƙa, ko aka ritsa shi a lungu, ko karya mai shayar da 'yan kwikwiyo, ko wanda ke fama da ciwo a jiki: duk wanda ba shi da hanyar gudu, haƙoransa kaɗai suka rage masa.

Wannan ilimi ya shafe mu, domin karnuka na tare da mu a gidaje masu gadi, da rugage, da hannun mafarauta, da kan titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen da cutar ta kama ba ya bin wannan tsani, yana iya cizo babu alama. Saboda haka duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.

Idan ka ga alamun damuwa a jikin kare, ka tsaya cak, ka juya masa gefenka, ka ɗauke idonka daga nasa, ka ja da baya a hankali. Kada ka ruga, domin gudu na tunzura shi ya bi ka. Mai kare ya ba shi inuwa da ruwa da wurin fakewa, ya kai shi allurar rigakafi. Iyaye kuma mu koya wa yara su bar jifan karnuka, kada su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci. Rigakafi ya fi magani, kuma tausaya wa dabba ma abin lada ne.