Dashen ƙwayoyin tushe da cutar amosanin jini: abin da gwaje-gwajen asibiti suka nuna

A cikin wannan takarda, abin da ake kira cellules souches da faransanci mun sa masa suna ƙwayoyin tushe, sabili da daga gare su ne sauran ƙwayoyin jiki ke tsirowa. Waɗanda suka shafe mu a nan su ne na cikin ɓargo, masu haifar da jini. Za mu dubi gwajinsu a kan amosanin jini, wanda mutanenmu ke kira emasi, a Najeriya kuma sikila, cutar da ba unguwar da ba ta san ta ba daga Tawa har Damagaram.

Jar ƙwayar jini ta lafiyayye takan yi kwana 120 a jiki. Ta mai emasi da wuya ta wuce kwana 20. Ƙarin jini, ke nan, sauƙi ne na ƴan makonni. Mai son kawar da cutar sai ya sauya ɓargon da ke haifar da jinin.

An gano yiwuwar haka ne ba da nufi ba. A 1984 likitocin asibitin St. Jude da ke Memfis, a Amurka, suka ba da labarin wata yarinya mai shekara 8 da aka yi wa dashen ɓargon ɗan'uwanta domin sankarar jini, sai emasinta ma ya tafi. Amma mutum ɗaya ba hujja ba ne a kimiyyar likita. Gwajin da ya haɗa asibitoci da dama, wanda aka buga sakamakonsa a 1996, ya ƙunshi yara 22: 20 sun rayu, 16 sun rabu da cutar. Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan waɗannan lambobi. Yara 2 sun rasu, a jikin 4 kuma dashen bai kama ba, alhali an zaɓe su da kyau kuma kowane yana da ɗan'uwa na ciki ɗaya wanda ɓargonsu ya dace. Dacewar nan ita ce babbar matsala: tsakanin ƴan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sau 1 cikin 4 ake samunta. Ko an same ta, baƙon ɓargo na iya juyowa ya yaƙi fata da hanji da hantar mai karɓa.

Wannan ne ya sa masana suka koma ga ƙwayoyin marar lafiyar kansa. A ciro su daga jininsa, a gyara gadon da ke cikinsu a ɗakin bincike, a mayar masa. A 2014, a asibitin Necker na Paris, ƙungiyar Marina Cavazzana ta yi wa wani yaro mai shekara 13 wannan aiki ta hanyar cusa wa ƙwayoyinsa lafiyayyar ƙwayar gado. Hanya ta biyu ta fi ba mu sha'awa, domin ta taso daga abin da iyaye mata suka daɗe da lura da shi: jaririn da ya gaji emasi ba ya fara ciwo sai ya yi wasu watanni. Dalili kuwa shi ne hemogulobin na tayi, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, kuma jiki ke daina yin sa bayan haihuwa bisa umurnin wata ƙwayar gado mai suna BCL11A. Da dabarar CRISPR ake raunana wannan umurni, sai ɓargo ya koma yin hemogulobin na tayi. Victoria Gray ce mai emasi ta farko da aka yi wa haka, a Nashbil, a 2019.

A Nuwamban 2023 Ingila ta ba wannan magani, Casgevy, izini. Amurka ta bi a Disamba. Cikin mutum 31 da aka iya auna sakamakonsu, 29 sun yi wata 12 a jere ba mummunan tashin ciwo.

Sakamako ne babba, amma a ganinmu kalmar "warkewa" ta yi saurin fitowa a bakin ƴan jarida. Gwajin ya ɗauki masu shekara 12 zuwa 35, a asibitocin Turai da Arewacin Amurka, inda ba zazzaɓin cizon sauro. Kafin a mayar da ƙwayoyin, dole a kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, busulfan. Marar lafiya ya yi makonni a keɓe ba garkuwar jiki, kuma yana iya rasa haihuwa har abada. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramar magana ba ce ga saurayi ko budurwa, kuma haƙƙinsu ne a gaya musu ita kafin su sa hannu. Lyfgenia, maganin da ya fito daga hanyar farko, an dakatar da gwajinsa na wani lokaci a 2021 bayan samun sankarar jini ga wani da aka yi wa. Takardarsa na ɗauke da gargaɗi a kan haka.

Kuɗi kuma: an sa wa Casgevy dalar Amurka miliyon 2.2, wato sama da miliyar 1 na sefa, ban da kuɗin asibiti. Dashen ɓargon ɗan'uwa ya fi kusa da mu, tunda asibitin jami'ar Benin a Najeriya ya fara yin sa a 2011.

Garin magani da ƙwayoyin haɗiya da ake tallatawa a garuruwanmu da sunan ƙwayoyin tushe ba su da dangantaka da duk abin da muka faɗa. Ƙwayar halittar da aka busar aka sha, ciki na narkar da ita kamar kowane abinci, ba ta isa ɓargo.

Game da daɗewar amfanin gyaran gado, hukumomi sun shar'anta a bi lafiyar kowane marar lafiya har shekara 15. Ga wadda aka fara yi wa a 2019, wa'adin zai cika a 2034.