Yoyon Fitsari: Raunin Da Ɗinki Ba Ya Kaiwa Gare Shi

A cibiyar kula da masu yoyon fitsari ta Gesse da ke Birnin Kebbi, likitoci kan ɗinke ɓarnar da doguwar naƙuda ta yi wa mace. Sai dai raunin zuciya ba ya warkewa a ɗakin tiyata.

Yawancin masu wannan lalura sun rasa jariransu, wasu kuma har da aurensu. Sukan ƙaurace wa biki da suna saboda gudun tsangwama. Ko bayan tsiyayar ta tsaya, mace kan ci gaba da raɓewa a gefen tabarma, tana ɗaukar kanta abin ƙyama.

Abin da ke dawo mata da martabarta shi ne zama da waɗanda suka warke, da sana'ar hannu, da fahimtar cewa ciwon ba laifinta ba ne. Idan ta koma gida, a Argungu ko ƙauyukanta, sauran aikin na dangi ne: su ci abinci tare da ita, su daina kiranta da sunan ciwonta, su kai ta asibiti a haihuwa ta gaba.

Tun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da waɗannan mata kowace ranar 23 ga Mayu.