Masara Ce Ta Kawo Zazzaɓin, Ko Damina Ce Ta Kawo Su Duka?

Duk shekara, daga Agusta zuwa Oktoba, gidajen Damari da ƙauyukan Sabuwa da Faskari kan cika da ƙanshin gasasshiyar masara, su kuma cika da kukan yara masu zazzaɓi. Sai ka ji kaka tana faɗa: "Ban ce ku hana shi sabuwar masarar nan ba? Ga shi jikinsa ya yi zafi rau!" Idon kaka bai yaudare ta ba, shekara da shekaru tana ganin abubuwan biyu suna isowa tare. Inda lissafinta ya karkace shi ne ɗora wa masara laifin.

Ruwan da ya sa masara ta nuna shi ne ya cika kududdufai da kwatami, inda sauro ke zuba ƙwai. Macen sauro ta ciji yaro cikin dare, ƙwayar cutar ta yi mako guda ko biyu a jikinsa kafin zazzaɓi ya fito fili. Ranar da ya kwanta kuwa, masara ce a hannunsa, cizon an daɗe da mantawa da shi. Masara da zazzaɓi 'ya'yan damina ne, babu wanda ya haifi wani. Abin dariyar, kakar nan ba ta taɓa cewa shamuwa ce ke zubo ruwa ba, duk da cewa isowarta ke gaya mana damina ta kusa.

Kada kuma a raina wa kaka wayo, don likitocin Turai sun fi ta daɗewa cikin wannan ruɗu. Sun lura mazauna kusa da fadama sun fi kamuwa, sai suka ce warin fadamar ne. Sunan maleriya ma daga harshen Italiya yake, ma'anarsa gurɓatacciyar iska. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a Aljeriya, sannan a 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya.

To, ta yaya ake rarrabe abin da ya jawo abu da abin da suka zo tare kawai? Ta hanyar gwadawa. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2012 da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata a damina, sai da aka raba yara kashi biyu ta hanyar ƙuri'a a ƙasashe irin su Mali da Senegal. Damina ɗaya, abinci iri ɗaya, sauro iri ɗaya, magani kaɗai ya bambanta su. Zazzaɓi ya ragu da kusan kashi 75 cikin ɗari a wajen waɗanda suka sha. Wannan ita ce hujja.

Inda irin wannan ruɗu ya fi ciwo shi ne harkar tsaro. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. A daidai wannan lokaci an rufe kasuwannin dabbobi, an hana sayar da fetur a jarka. Duk wanda ya ce maka hare-hare sun ragu saboda katse layi, tambaye shi: cikin matakan nan wanne ya yi aikin? Kuma harin ne ya ragu, ko labarinsa? Mutumin ƙauye da babu sabis, da me zai kira ɗan jarida?

Mu koma kan masara. Iyaye mata, ku bar yara su ci masararsu. Ku ɗaura gidan sauro, ku karɓi maganin damina idan an zo da shi, jikin yaro kuwa da ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jini tun ranar.