Maƙoƙo da maganin Sin: darasin da na koya a wuyan Gwaggo

A damunar bara na je gida Dandin Mahe, na tarar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta rame kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya. In ta ɗauki moɗa hannunta rawa yake yi, zufa na keto mata ko da sanyin asuba, zuciyarta na dukan uku-uku. Ƙullutun gaban wuyanta kuwa, wanda ta shekara da shekaru tana rufewa da mayafi, yana nan yadda na san shi.

Na ce, "Gwaggo, me kike sha?" Ta jawo wata kwalba daga ƙarƙashin katifa, ta ce, "Maganin Sin na, ɗana. Mai lasifika ya ce wata ukku shina narke maƙoƙo." Akuya ta sayar ta saye shi a ranar kasuwa. Na juya kwalbar ban ga lambar hukumar NAFDAC ba. Abu ɗaya na iya karantawa a jerin kayan haɗinsa: ciyawar teku.

Ba zan zagi maganin gargajiyar Sin ba, domin a kan maƙoƙo Sinawa sun riga duniya gano bakin zaren. Tun ƙarni na 4 malaminsu Ge Hong ya rubuta cewa a yi wa mai kumburin wuya magani da ciyawar teku. A ƙarni na 7 likita Sun Simiao ya bi sahunsa. A 1617 Chen Shigong ya rubuta haɗin da ake kira Haizao Yuhu, wanda har yau ake amfani da shi a can. A fahimtarsu, ƙullutun majina ce da ta daskare saboda tsayawar ƙarfin jiki, ciyawar teku kuma tana tausasa abin da ya taurare. Bayanin bai dace da ilimin yau ba, amma maganin ya yi wa mutane da yawa aiki. Dalili bai fito fili ba sai bayan 1811, lokacin da Bernard Courtois, Bafaranshe, ya gano sinadarin aidin a tokar ciyawar teku.

Ga yadda abin yake. A gaban maƙogwaro akwai 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tayirod. Da aidin take haɗa sinadarin da ke daidaita bugun zuciya da zafin jiki da yadda jiki ke ƙona abinci. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai ta kumbura don neman ɗan abin da ke cikin jini. Wannan shi ne maƙoƙon da kakanninmu suka sani, mu da ke nesa da teku. Shi ya sa a 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin miya. Ita kanta ƙasar Sin ba ta tsaya ga ciyawar teku ba, ta bi wannan hanya ta gishiri.

Sai dai ba kowane ƙullutu ne yunwar aidin ba. Wani ruwa ne ya taru. Wani tsiro ne marar illa, kuma irinsa ne suka fi yawa. Kaɗan daga ciki ciwon daji ne, wanda galibi yake jin magani in an tare shi da wuri. Wani kuma, musamman maƙoƙon da ya daɗe a wuyan dattijo, ya fara aiki gaban kansa ba tare da jiran umarnin jiki ba. Ba wa irin wannan aidin mai yawa tamkar watsa fetur ne a wuta. Ido ba ya iya bambance su, balle mai lasifikar da bai ko taɓa wuyan ba.

Washegari muka hau mota zuwa Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Aka ɗebi jininta, aka yi hoton wuya da na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita. Sakamako ya nuna tsokar tana aiki fiye da kima. Likita ya karɓi kwalbar, ya ce a daina nan take, ya rubuta ƙwayoyin da za su kwantar da ita. Kafin sallar layya Gwaggo ta koma dakan furarta. Ƙullutun bai ɓace ba, ana dai bibiyarsa, amma hannun ya daina rawa.

Wanda ya ce maganin gargajiya duk shirme ne bai yi adalci ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ganye na Sin aka ciro shi, kuma littafin Ge Hong ɗin nan ne ya haska wa Tu Youyou hanya, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada. Abin da ake zubewa a tabarma a kasuwanninmu bai bi ta wannan ƙofa ba, sunan Sin kawai ya ara.

Kirana ga hukumomin lafiya na Shagari da Boɗinga shi ne su leƙa kasuwannin ƙauye su ga abin da ake sayar wa iyayenmu. Ku kuma ɗalibai, in kun je hutu ku dubi wuyan iyayenku mata, ku dubi gishirin da ke madafa: a sayi mai aidin, a rufe shi, a kawar da shi daga rana da laima. Ƙullutun da ke girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ya dushe murya, ko ya hana haɗiya, kada a kwana da shi. Sanin cuta shi ne farkon magani. Da mun fara da gwajin jini, da akuyar Gwaggo tana nan a turke.