Kujerar Banki: Abin da Rigimar Kalifoniya Ta Tona Game da Cacar Karta

A watan Janairun 2025 ƙabilu bakwai na 'yan asalin Amurka suka maka gidajen karta na jihar Kalifoniya a kotun Sakramento, watanni kaɗan bayan Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ba su damar yin hakan. Ba a kan haramcin caca suke rigima ba, don ƙabilun ma da ita suke cin abinci. A kan kujera ɗaya ce tak a gaban tebur, wato kujerar mai riƙe banki, wanda yake biyan duk wanda ya ci, ya kuma kwashe kuɗin duk wanda ya faɗi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daidai lokacin da masu abin suke zubar da dukiya wajen lauyoyi saboda wannan kujera, intanet cike take da masu koya wa matasa "dabarun cin gidan caca". Da dabara ce ke kawo kuɗi, ai da a kan dabara za a je kotu.

Wasan da ya fi fito da wannan magana fili shi ne Pai Gow Poker. Wani mai gidan karta a yankin Los Anjelis, Sam Torosian, shi ya ƙirƙiro shi a 1985, ya haɗa tsohon wasan Sinawa da kartar Amurkawa. Bai yi masa rajistar mallaka ba, wasan ya bazu har Las Vegas, shi kuwa ko sisi bai samu ba. Ana yin sa da karta 53, har da joka ɗaya. Kowa a ba shi bakwai, ya raba su gida biyu: biyar a baya, biyu a gaba, kuma dole biyar ɗin su fi biyun ƙarfi. Ka doke mai banki a duka hannayen, ka ci. Ya doke ka a duka, ka faɗi. Kowa ya ɗauki ɗaya, canjaras ne, kuɗinka yana nan.

Wajen canjaras ɗin nan ne ake yaudarar mutum. Kusan zagaye 41 cikin 100 haka suke ƙarewa, don haka ɗan caca yana iya kwashe sa'o'i a zaune kuɗinsa bai motsa sosai ba, ya ɗauka wasan na adalci ne. Alhali ƙofofi biyu ne a buɗe kuɗin yake zurarewa. Ta farko, idan hannunka da na mai banki suka zo daidai wa daida, shi ne ya ci. Wannan 'yar ƙa'ida ita ta sa mai banki yake cin kusan kashi 29.9 cikin 100 na zagayen, mai karawa da shi kuma kusan 28.6. Ta biyu la'ada ce: duk abin da ka ci, gida zai cire kashi 5 cikin 100. Idan aka haɗa biyun, a kowace dala 100 da ka zuba, kimanin dala 2.7 ta tafi ke nan, ko da ka iya wasan. Iyawar tana rage ɓarna ne kawai.

To amma a tsohon tsarin wasan, bankin yana zagayawa. Idan ya zo kanka kana iya karɓa, sai fifikon kunnen doki ya dawo wajenka, asarar kuma ta sauko daga 2.7 zuwa wajen 0.2. Mu ɗauka mutum yana zuba dala 10, ana yin zagaye 30 a awa ɗaya. A kujerar talaka zai yi asarar kusan dala 8 a awa. A kujerar banki, ko dala ɗaya ba za ta cika ba. Kartar ɗaya ce, hannun da ya jera ta ɗaya ne, wurin zama kawai aka sauya. Kuma a lura, ko a can ɗin asara ce, ba riba ba, sai fa idan mutane da yawa suka zuba kuɗi mai kauri a gabanka, lokacin ne lissafin yake iya ɗan karkatowa. Wannan kuwa sai mai jari, domin dole ka ajiye abin da zai biya kowa idan duk suka ci. Shi ya sa yawancin mutane suke girgiza kai idan bankin ya iso gare su.

Wannan girgiza kai ita ce tushen rigimar Kalifoniya. Dokar jihar ta hana gidajen karta riƙe banki da kansu, kuma tun ƙuri'ar raba gardama ta shekarar 2000 ƙabilun ne kaɗai ke da wannan hurumi a ƙasashensu. Abin da aka yarje wa gidajen karta shi ne bankin ya riƙa zagayawa tsakanin masu wasa, su kuma su karɓi kuɗin tebur. Sai wasu kamfanoni masu lasisi suka shigo, suka zaunar da ma'aikacinsu a kowane tebur da tulin kuɗi a gabansa. A miƙa wa kowa banki ya ƙi, ya koma hannun ma'aikacin kamfani, haka daga safe har dare. Ƙabilun suka ce wannan banki ne na dindindin da aka sauya wa riga. Ni ma haka nake gani, ko da yake ba don tausayin ɗan caca suke faɗa ba. Garuruwa irin su Hawaiian Gardens, wanda fiye da rabin kuɗin shigarsa daga harajin gidan karta yake fitowa, suna bayan gidajen. Kowa na kare tuwonsa, kuma duk tuwon daga aljihu ɗaya yake fitowa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Las Vegas kuwa ba a tsaya wata shari'a ba, cire kujerar aka yi. Wani sabon salo mai suna Face Up Pai Gow ya mamaye tebura da dama: mai rabo yana buɗe kartarsa kowa ya gani, babu la'ada, amma babu zagayawar banki, kuma idan hannun mai rabon ya zo wani irin rauni na musamman, sai a ce canjaras ne maimakon ya biya. Masu yabon salon suna cewa asarar ta sauka zuwa wajen kashi 1.8, ya fi 2.7 sauƙi. Gaskiya ne ga wanda dama ba ya karɓar banki. Sai dai wanda yake karɓa zagaye ɗaya cikin biyu a tsohon tsari, tasa asarar ba ta kai 1.5 ba, shi an cuce shi. Sannan da aka cire lissafin la'ada wasan ya ƙara sauri, ga ƙananan cacar gefe da ake kwaɗaita wa mutum da babbar kyauta, waɗanda yankansu ya fi na ainihin wasan zurfi. Gida bai taɓa sauya ƙa'ida don ya rage samunsa ba.

Wannan magana ta shafe mu ne ta hanyar waya. Manhajojin cacar ƙwallo da matasanmu suke buɗewa suna ɗauke da karta da sauran wasannin gidan caca a ciki. A 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, a watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar, ba gwamnatin tarayya ba. Shago yana rufuwa da kwaɗo, waya ba ta rufuwa. Malamai sun faɗi hukuncin caca a addini, kuma a bayyane yake. Ina roƙon malaman lissafi a makarantunmu su ƙara da nasu, su ɗauki alli su nuna wa yara yadda kashi 2 ko 3 cikin 100 yake cinye jari idan aka maimaita shi sau ɗari. A teburin Kalifoniya aƙalla ana miƙa wa mutum bankin ya ƙi karɓa. A cikin waya ba a miƙa wa kowa, kamfanin ne yake riƙe da shi daga zagayen farko har na ƙarshe.