Ranar da na ce wa Mama zan ɗauko tuba

Saura mako uku Kirsimeti, Baba Fasto ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada. "Ɗana, an ce kana busa a jami'a. Zumuntar mata za su yi waƙa biyu, kuma babu muryar maza a ƙasa. Ka zo ka tallafa musu." Ina zan iya cewa a'a? Mama ce za ta ja waƙar, karon farko tun rasuwar babanmu.

Ni a Yokshaya na tashi, inda busa ƙahonin tagulla gado ne daga ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal. Shahararren band ɗin nan Black Dyke, kusa da Biradfod, tun 1855 yake. A makaranta na koya, kuma band ɗinmu na jami'a ya yarda in ari ɗaya cikin uku: tuba, tirombon ko yufoniyam.

Da na ce wa Mama zan ɗauko tuba, sai ta dube ni ta ce, "Wane zunubi ka yi?" Mun sha dariya. Amma gaskiya ita na fi so, don girma kawai. Babbar tuba bututunta ya kai ƙafa 18 in an miƙe shi, sautinta yana can ƙasa da muryar kowane namiji. To cocin da muke haya tsohon gini ne na dutse, rufi can sama, ko tari ka yi sai ya amsa. Na busa layi ɗaya, tagogi suka ɗauki rawa, kalmomin waƙar suka ɓace. Wata uwa ta ce, "Yaro, ba ma jin kanmu fa." Ga wahalar shiga bas da ita.

Tirombon yana da hujja. Tun ƙarni na 16 ake raka mawaƙa da shi a coci, Giovanni Gabrieli ma ya rubuta masa kiɗa a majami'ar San Marko ta Benis. Sai dai yawancin bututunsa faɗi ɗaya ne, shi ya sa sautin ke fita tsaye da kaifi, kamar kakaki. Bakinsa kuma gaba yake kallo, wato ƙeyar matan da ke tsaye gabana. Saura kaɗan in ture wa wata ɗankwali.

Yufoniyam fa? Tsawon bututunsa kusan ɗaya da na tirombon, wajen ƙafa 9, amma a hankali yake buɗewa har baki, bakin kuma sama yake kallo. Sautin sai ya zo da laushi, daidai inda muryar maza take zama. Sunan ma daga Girkanci ne, mai daɗin murya. Muna gwadawa, ba wadda ta waiwayo. A nan na san an dace.

Matsala ɗaya ta rage. Iyayenmu da kunne suka koyi waƙoƙin nan, ba da takarda ba, duk inda mai ja ta ɗauko nan ake bi. Muka shirya zan ba Mama sautin farko a hankali kafin ta fara.

Ranar, na ba ta. Muryarta na rawa, ta ɗauko sama da shi kaɗan. Na rufe takardata, na bi ta da kunne.