Bashin Sauti: Abin da Ke Jiran Ƙaramin Fim Bayan An Kashe Kyamara

A shekarar 1991 wani matashi ɗan jihar Texas ta Amurka, Robert Rodriguez, ya tsallaka iyaka zuwa garin Acuña na ƙasar Meziko da kusan dala 7,000 da aron kyamara, zai yi fim. Wani kaso na kuɗin ma sai da ya kwanta a cibiyar gwajin magunguna, aka gwada sabon magani a jikinsa aka biya shi, sannan ya haɗa su. Kyamarar da ya aro, Arriflex mai ɗaukar fim ɗin milimita 16, tana da aibi guda: in tana aiki, ƙara take kamar keken ɗinki. Duk maganar da aka naɗa kusa da ita ta tashi aiki.

Sai ya yi dabara. Ya ɗauki hoto zalla, babu sauti. Da an gama fitowa sai ya ajiye kyamara, ya jawo rikoda mai kaset da makirfo mai araha, ya sa 'yan wasa su maimaita abin da suka faɗa yanzu-yanzu, da irin saurin da suka faɗe shi. Da ya zauna editin, da hannu ya riƙa ɗora kowace jimla a bakin mai ita. Inda murya ta fara zame wa leɓe, sai ya yanke, ya sako fuskar mai sauraro ko wani kare da ke kwance a gefe. Wannan yanke-yanken mai sauri da masu sharhi suka riƙa yabawa daga baya a matsayin salonsa, rabinsa rufin asiri ne.

Fim ɗin shi ne El Mariachi. Kamfanin Columbia ya saye shi, ya kuma ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin Sundance na 1993. Labarin dala 7,000 ya zaga duniya, amma ba a cika ƙarasa shi ba: kafin fim ɗin ya shiga sinima, Columbia ya kashe wajen dala 200,000 a kan mayar da shi milimita 35, da sake haɗa sautinsa, da sauran gyare-gyare. Kammalawar ta ninka kuɗin ɗauka kusan sau talatin.

Nan ne masu ƙaramin jari suke yin tuntuɓe. Ɗan kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, har ya ɗauka salo ne. Amma in sai ya yi ta ƙara murya yana ragewa kafin ya ji abin da jaruma ta ce, minti goma ba za su cika ba ya canza tasha. Shi ya sa Sean Baker, da ya ɗauki Tangerine na 2015 da wayoyin iPhone 5s, bai bar wa wayar sauti ba; da na'urorin ƙwararru aka naɗe shi daban.

Aikin sauti na gaskiya yana farawa ne ranar da aka kulle hoto, wato darakta da edita suka yarda ba za a ƙara ko rage ko da daƙiƙa ɗaya ba. Wanda ya koma ya taɓa hoto bayan nan, duk abin da mai sauti ya jera sai ya goce. Matakin farko gyaran magana ne, kuma shi ya fi cin lokaci. Mai aikin zai bi jimla-jimla, ya cire tari da ƙarar kujera, ya ɗauko kalmar da ta fi fita daga wata ɗaukar ya dasa a wannan. Sai kuma abin da 'yan sana'ar suke kira shirun ɗaki. Babu ɗakin da yake shiru da gaske: akwai fanka, akwai firij, akwai gurnanin titi daga nesa. In an haɗa maganar da aka ɗauka da hantsi da amsar da aka ɗauka da la'asar, wannan gurnanin zai riƙa ɗaukewa yana dawowa a kowace yanka, kunne kuwa ya kama shi nan take. Maganinsa kyauta ne. Kafin a tashi daga lokeshan, kowa ya tsaya cik, a naɗi minti ɗaya na wurin babu mai motsi, a zo a shimfiɗa shi ƙarƙashin fitowar. Minti ɗayan nan ake mantawa da shi saboda ana saurin rana za ta faɗi.

Mai ɗaukar fim a Kano ya san abokan gabarsa: janareto, hon ɗin Adaidaita Sahu, akuyar maƙwabta. Manhajoji irin su iZotope RX suna rage irin wannan hayaniya, amma in aka matsa musu sai murya ta koma kamar ta mai magana a cikin randa. Abin da ya ƙi gyaruwa sai a kira ɗan wasa situdiyo ya sake faɗa yana kallon bakinsa a allo. Dabarar tsohuwa ce. Jean Rouch ya ɗauki Moi, un noir na 1958 a unguwar Treichville ta Abidjan babu sauti, da 'yan ci-rani daga Nijar, sai daga baya ɗaya daga cikinsu, Oumarou Ganda, ya zauna yana kallon kansa yana zuba magana a kan hoton. Gandan nan ne ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Fespaco a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame.

Abin mamaki a Kannywood shi ne, an iya aikin situdiyo. Ana naɗar waƙa tsaf kafin a fita, a kunna ta a lokeshan jarumai su bi da baki. Shi ya sa a fina-finai da dama waƙa take fita garau, da an dawo falo kuma sai ka ji muryoyi na amsa-kuwwa. Hannun da ya gyara waƙar zai iya gyara hirar. Ba a ware masa kuɗi da lokaci ba ne.

Bayan magana sai ƙarar motsi, aikin da ya ɗauki sunan Jack Foley, ma'aikacin kamfanin Universal da ya fara shi tun farkon zuwan fim mai magana. Makirfo yana fuskantar baki ne, saboda haka takun ƙafa da kaɗawar riga ba sa shiga sosai. Sai mutum ya tsaya gaban allo da tulin takalma da akwatin yashi da na tsakuwa, yana taka daidai da jarumi. Ɓawon kwakwa biyu su zama kofaton doki, leda mai ƙara da aka murza a hankali ta zama wuta tana ci, safar hannu da aka kaɗa ta zama fiffiken tsuntsu. Mai ƙaramin jari zai iya yin wannan a ɗakinsa da tsakar dare, in gari ya yi tsit.

Kiɗa kuwa tarko ne mai haƙuri. Charles Burnett ya yi Killer of Sheep a shekarun 1970 yana ɗalibi a jami'ar UCLA, da abin da bai wuce dala 10,000 ba, ya cika shi da waƙoƙin su Dinah Washington da Paul Robeson ba tare da sayen izini ba. Fim ɗin ya sha yabo, amma bai shiga sinima yadda ya kamata ba sai 2007, bayan an biya kimanin dala 150,000 na haƙƙin mallaka. Shekara kusan talatin a kan waƙoƙin aro.

Daga ƙarshe sai haɗawa, inda ake daidaita magana da ƙara da kiɗa, maganar ce kuma sarauniya. Masu sayen fim suna da ƙa'ida: tashoshin Turai suna bin ma'aunin ƙarfin sauti na -23, Netflix kuma -27 da aka auna a kan magana. Za su nemi kwafi daban mai kiɗa da ƙara kawai, babu murya, domin fassara. Wanda ya saba kallon Indiya-Hausa ya taɓa jin yadda ruwan sama da kiɗa suke nutsewa da zarar muryar Hausa ta shigo. Rashin wannan kwafin ke jawo haka.

Kayan aiki sun daina zama uzuri, tun da Audacity kyauta ce, DaVinci Resolve ma yana da nau'in kyauta mai ɗauke da sashen sauti. Saura furodusa ya ware kuɗin kammalawa tun ranar da ake rubuta kasafi, ya ɗauki mai sauti da hedifon a kunne, ya ba shi ikon cewa a sake. Kafin ya saki fim kuma, ya saurare shi a sifikar ƙaramar waya, a tsakar gida, yara na wasa, domin a nan yawancin masu kallonsa za su ji shi.